Farin kabejina ya ƙi ƙulla kai: laifin iri ne ko na ƙasar Kumasi?

Mman Yara, Sawaba

Salamu alaikum masu lambu. Tambayata a kan farin kabeji ce, wanda 'yan kasuwa ke kira kolifulawa. Akwai ɗan fili a bayan ɗakinmu, faɗi mita 1.2, tsawo mita 3, jar ƙasa ce, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Kabeji ya yi kyau a wurin sau biyu a jere. A Janairu na yayyafa irin farin kabeji, a jikin ledar an rubuta Snowball. Sai da ya yi wata biyu a wurin reno kafin na dasa, tushe 20. Yawancinsu sun fito da kai kamar ƙwan zabo suka tsaya nan. Wasu ganyensu ya zama siriri a murɗe kamar bulala. Uku kuma ganye ne manya kore shar, amma ko alamar kai babu. Ƙasarmu ce ba ta karɓarsa, ko akwai inda na kauce? Ina son in sake gwadawa bana.

Baba Mai Fangali, Gyinyase

Wa alaikumus salam 'yata. Ƙasar Kumasi tana karɓarsa, amma ba kowane iri ba, ba kuma kowane wata ba.

Mu fara da ledar da kika sayo. Snowball irin ƙasashen sanyi ne. Ba ya ƙulla kai mai kyau sai zafi ya sauko wajen digiri 15 zuwa 20, mu kuwa a nan ko da dare ba kasafai muke sauka ƙasa da 21 ba, in ba a tsakiyar hunturu ba. Ga shi kin yayyafa a Janairu kin dasa a Maris, wato lokacin ƙulla kansa ya faɗa cikin watannin da rana ke kai digiri 33. Ko da kin yi komai daidai, wannan irin ba zai ba ki abin kirki ba. Ki nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na ƙasashen zafi ne, mai saurin nuna, kwana 45 zuwa 60 daga dashe. Mont Perle F1 na kamfanin Technisem da White Contessa na kamfanin Sakata suna cikin masu jure zafi, haka ma ire-iren Indiya na farkon kaka. Kansu bai kai na shigo da shi girma ba, giram 300 zuwa 600 za ki sa rai, amma dai kai ne.

In za ki saya, ki duba kwanan watan da ke jikin leda, kuma kada ki karɓi wadda aka rataye a rana a bakin shago. Zafi da laima suna kashe irin dangin kabeji da wuri. Kafin ki ɓata wahalarki, ki ɗauki ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki buɗe bayan kwana 6. In waɗanda suka tsaga ba su kai bakwai ba, irin ba shi da ƙarfi. Giram ɗaya yana da ƙwaya wajen 300, don haka ƙaramar leda ta ishe ki har da maƙwabta. Ragowar a rufe a kwalba a sa a firij.

Lokaci biyu ne muke da shi. Na farko, a yayyafa farkon Yuni, a dasa farkon Yuli ko tsakiyarsa, kai ya zo cikin Agusta zuwa farkon Satumba. Watannin nan su ne mafi sanyi a Kumasi, gari a lumshe, rana ba ta cika wuce digiri 28 ba, ruwan sama kuma ya ɗan tsagaita. Na biyu, a yayyafa ƙarshen Oktoba, a dasa ƙarshen Nuwamba, kai ya zo cikin hunturun Janairu. Ni na fi yarda da na farkon. Hunturu dare ne kawai ke sanyi, tsakar rana tana nan da zafinta, ga tsutsa ta yi yawa, ga ban ruwa kullum.

Sai maganar wata biyu a wurin reno, wadda ita ce ta ba ki ƙwan zabo. Farin kabeji ba shi da haƙurin ɗan'uwansa kabeji. In kabeji ya sha wahala yana ƙarami, ka ba shi ruwa da taki ya farfaɗo. Shi wannan duk abin da ya tsayar masa da girma, yunwa ce, ƙishi ne, matsi ne ko tsufa a wurin reno, sai ya yi gaggawar fitar da kai tun bai tara ganye ba. Girman kai kuwa a kan yawan ganyen da ke ciyar da shi yake. Da zarar ya fito ƙarami, shi ke nan, ba takin da zai mayar da shi babba.

Ga yadda za ki yi renon. Ledar fiya wata ta wadatar: ki yanke bakinta, ki huda gindinta wuri huɗu. Ki haɗa kashi biyu na baƙar ƙasa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe, kashi ɗaya na ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka ko yashi mai laushi. Ki kwarara wa haɗin tafasasshen ruwa, ki bar shi ya huce ya tsane kwana ɗaya, saboda cutar da ke cin ƙafar tsiro ya faɗi kamar an yanke shi da zare a cikin ƙasa take zaune. Ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin santimita ɗaya, kada ya wuce. Kwana 4 zuwa 7 zai tsiro. In ya yi ganye biyu na gaske, ki datse mai rauni da almakashi, kada ki tumɓuke shi ki girgiza saiwar ɗayan. Tunda Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ki ɗora ledojin a kan benci ƙarƙashin rumfar farar leda, inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya dukansu. Inuwa mai duhu tana sa su yi dogon wuya su langaɓe. Ban ruwa da safe kawai.

Sati huɗu, in ya daɗe biyar, yana da ganye 4 ko 5, ki dasa. A satin ƙarshe ki riƙa fitar da su rana kina rage ruwa kaɗan don su yi ƙwari. Dashe da yamma, a yaga ledar a sa shi da ƙasarsa, a binne har gindin ganyen farko, a danna ƙasa sosai, a ba shi ruwa nan take. Ki gyara fangalin tun kafin irin ya isa dashe, ba irin ne zai zauna jiran fangali ba.

Tushe 20 kuma ya yi wa filin nan yawa. Layi biyu, santimita 60 tsakaninsu, santimita 50 tsakanin tushe da tushe. Tushe 12 ke nan. Ki reni 18 don ki zaɓi masu ƙarfi.

Malamin Gona, Tafo Zango

Baba ya gama magana a kan iri da lokaci. Saura ganyen da ya zama bulala, wannan kuma daga ƙasa yake.

Hajiya, jar ƙasar yankin dajin nan tsami gare ta, domin ruwan sama mai yawa yana wanke sinadarin kalsiyam ya tafi da shi ƙasa. Farin kabeji yana son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, tsakanin 6 da 7, lambar kuwa tana raguwa ne in tsami ya ƙaru. In ya sauka ƙasa da 5.5, akwai wani sinadari da ake kira molibdenum wanda ƙasa ke riƙewa ta hana saiwa ɗauka. Ɗan mitsitsi shuka ke bukata, amma in babu shi faɗin ganye ba ya cika, sai jijiyar tsakiya ta yi tsawo da ɗan yagaggen ganye a gefenta. Kabeji ya fi jure wannan, shi ya sa naki ya yi kyau a fili ɗaya kika ɗauka ƙasar lafiya lau take. Mai son ya san ainihin ma'aunin ƙasarsa yana iya kai samfuri cibiyar binciken ƙasa ta CSIR da ke Kwadaso. A ɗebo daga wuri biyar a filin, zurfin santimita 20, a gauraya a shanya a inuwa.

Maganin tsamin shi ne farar ƙasar noma da ake sayarwa a shagunan kayan gona, giram 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, a cakuɗa da ƙasa sati uku ko huɗu kafin dashe. In ba a samu ba, tokar itace ta murhu tana aiki: gwangwanin madara biyu a murabba'in mita. Tokar itace zalla nake nufi, ba wadda aka ƙona leda da batir da shara a cikinta ba. Kada a zuba toka ko farar ƙasa rana ɗaya da takin kaji ko yuriya, haɗuwarsu tana sa ƙarfin takin ya tashi a iska, har warinsa za ki ji a hanci. A sa tokar, bayan sati biyu a sa takin.

Takin kaji a Kumasi ba wahalar samu yake ba, matsalar ɗanye ake kawowa, haɗe da dusar katako. Ɗanyen yana ƙona saiwa, dusar kuma tana cinye naitrojin ɗin ƙasa yayin da take ruɓewa, shuka ta yi rawaya alhali an zuba taki. A tara shi a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa duk sati biyu har ya yi wata biyu, ya yi baƙi, ya daina zafi da wari. Kilo 2 zuwa 3 a murabba'in mita, wato kusan kilo 10 a filinki. A ɗaga fangalin ya kai santimita 20 saboda ruwan Yuli, saiwar ba ta son kwana cikin ruwa.

Takin zamani kuwa, kwana 10 zuwa 14 bayan dashe a ba kowane tushe giram 10 na NPK 15-15-15, kimanin murfin robar ruwa biyu. A ja zobe da yatsa santimita 10 daga jikin shukar, a zuba a rufe, a ba da ruwa. Sati biyu bayan nan, giram 5 na yuriya. Na san a nan an fi sabawa da takin amoniya, amma sulfet ɗin amoniya yana ƙara wa ƙasa tsami fiye da yuriya, ga shi naitrojin ɗinsa kashi 21 ne cikin ɗari, na yuriya 46. A ƙasar da ta riga ta nuna bulala, ban ga dalilin ƙara mata tsami ba. Da zarar kai ya leƙo, a daina taki. Naitrojin a wannan lokaci sa shi yake ya saki jiki ya yi sako-sako.

Akwai kuma sinadarin boron, shi ma ɗan kaɗan shuka ke bukata. Rashinsa ba a ganinsa sai an yanka: cikin karan ya zama rami, kan ya yi tabo ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa shayi, ya yi ɗaci. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe na boraks, farin garin da ke ɗauke da boron, wajen giram 4, a narkar da ruwan ɗumi, a juye a butar ban ruwa mai lita 10, a bi fangalin gaba ɗaya sau ɗaya tak, sati biyu bayan dashe. Kada a ce bari a ƙara don ya fi kyau. Tsakanin abin da ya isa da abin da ke ƙona shuka tazarar kaɗan ce.

Mman Yara, Sawaba

Allah ya saka da alheri Baba, Malam na gode. To ukun nan da suka yi ganye ba kai fa? Sannan na manta ban faɗa ba, a gefen wasu ganyaye akwai rawaya da ta shigo ciki kamar bakin mashi, daga baya wurin ya bushe.

Yayan Zango, Ayigya

Mma, ki je ki buɗe tsakiyar ɗaya daga cikin ukun nan in suna nan. Za ki tarar idon da sabon ganye ke fitowa babu shi, wataƙila ma ki ga 'yar saƙa kamar ta gizo-gizo da ɗigon kashi. Aikin wata tsutsa ce da masana ke kira Hellula, fara-fara mai ratsi ruwan ƙasa a baya da baƙin kai. Idon take shiga ta ci tun shuka tana ƙarama, sau da yawa tun a wurin reno. A idon nan kai ke fitowa, kuma ɗaya ne tak. In ya tafi, ganyen da suka rage sai su yi ta kauri suna faɗi, mai lambu yana ta murna yana jiran abin da ba zai zo ba. Duk tsiron da za a dasa a duba tsakiyarsa tukuna. Wanda ba ido a jefar.

Abin da ya fi feshi a ƙaramin fili irin naki shi ne gidan sauro. Sabo ko tsoho duk ɗaya, in dai ba huda, amma wanda ba a jiƙa da magani ba. A rufe wurin reno tun ranar yayyafa iri. Bayan dashe a lanƙwasa gora ko siririn bututun roba a kan fangalin, tsayin santimita 70, a yafa gidan sauron, a danne gefensa da ƙasa ko bulo. Farin kabeji ba ya bukatar ƙudan zuma kafin ya ƙulla, don haka yana iya zama a rufe har girbi. A dai riƙa ɗagawa sau biyu a sati ana duba bayan ganye, domin darɓa tana iya shiga, in ta shiga kuwa ta samu ɗaki ba mai damunta.

Wanda ba zai rufe ba, zai haɗu da ƙaramar koriyar tsutsar kabeji, wadda tsawonta bai fi santimita ɗaya ba. Alamarta: tana kankare ganye daga ƙasa ta bar fatar sama kamar tagar gilashi, in ka taɓa ta sai ta yi baya da sauri ta sauko a kan zare. A zafin nan cikin sati biyu zuwa uku ƙwai ya zama uwa mai yin wani ƙwan, shi ya sa ta daɗe da sabawa da magungunan feshi irin su lambda da saifametrin. Fesa su kashe maƙiyanta kawai yake yi. Maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa, ya fi, a fesa da yamma saboda rana tana kashe ƙarfinsa, duk kwana 5 zuwa 7, a bi bayan ganye da tsakiya. Ko 'ya'yan dogonyaro: giram 50 na busassun 'ya'ya a daka, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narkar da ɗan sabulun salo kamar ƙwayar gyaɗa a ciki don ya kama ganyen, tunda ganyen santsi gare shi ruwa zamewa yake. A fesa a ranar, ba ya ajiyuwa. In kai ya fito kada dogonyaro ya taɓa shi, ɗaci zai bi shi har tukunya.

Rawayar nan mai kamar bakin mashi ita ta fi ba ni tsoro. Ki tsinko ganyen ki ɗaga shi a haske. In jijiyoyin wurin sun yi baƙi, to baƙar ruɓa ce, ƙwayar cuta ce da ke shiga ta bakin ganye, tana zuwa a cikin iri, tana zama a ragowar kabejin da aka bari a ƙasa, fantsamar ruwa kuma tana yaɗa ta. Ba ta da maganin warkewa. Kin yi kabeji sau biyu, farin kabeji sau ɗaya, duk a fili guda, dangi ɗaya ne kuwa. A gaskiya filin nan yana bukatar hutun shekara biyu zuwa uku daga dangin kabeji. Ki sa masa albasa, alayyafo, latas ko wake. Wannan ne ma inda na ɗan saba da Baba: shukar Yuni ta fi samun sanyi, amma ita ce ta fi haɗuwa da wannan cuta saboda ruwa. Wanda filinsa ya taɓa nuna ta, hunturu ya fi masa sauƙi.

In irin da kika saya ba mai launi ba ne, wato ba a shafa masa magani ba, ana iya tsoma shi a ruwan zafi digiri 50 daidai na minti 20, a tsame a sa a ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Sai da ma'aunin zafi da fulas, ba da yatsa ba. In ya haura kaɗan irin ya dahu, in ya gaza cutar tana nan.

Hajiya Mai Kayan Miya, Aboabo

Ƙanwata, tunda an ce fili ya huta, ba sai kin fasa bana ba. Galan Kufuor ɗin nan mai ruwan ɗorawa, na lita 20 ko 25, a yanke samansa, a wanke man da ke ciki da sabulu, a huda gindi wuri takwas, a ɗora a kan bulo biyu. Tushe ɗaya a galan ɗaya. Ƙasar a ɗebo daga inda ba a taɓa kabeji ba, kashi biyu, da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da babbakakken ƙaiƙayi kashi ɗaya, da toka rabin gwangwanin madara. Amfaninsa kina iya ja da shi inda zai sha ranar safe ya tsira daga ta azahar. Illarsa saurin bushewa. In shuka ta girma tana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, ranar da ba ruwan sama a raba safe da yamma. Yini ɗaya in ta yi yaushi sosai, kin koma gidan jiya na ƙwan zabo. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, a zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba. Ruwan kwata kuma a bar shi, abin da za a ci wani lokaci ko dahuwar kirki ba a yi masa.

Farinsa kuma ba haka kawai yake zuwa ba. Rana in ta doki kan kwana biyu uku sai ya koma rawaya, wani ma ya yi shunayya-shunayya. Yana ciyuwa, sai dai ba kyan gani. Idan ya kai girman ƙwan kaza, a tattaro manyan ganye uku ko huɗu a ɗaure samansu da tsumma, sako-sako yadda iska za ta shiga. Littattafan ƙasashen sanyi suna cewa a jira sati biyu. A nan kwana 5 zuwa 8 ya isa, don haka a riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu. A yanka yana dunƙule da tauri, da sassafe, a bar masa ganye huɗu su kare shi. In kika ga samansa ya fara yin gari-gari kamar tsakin shinkafa, ko ƙananan ganye suna tsirowa ta cikinsa, ko ya fara rabuwa reshe-reshe, zafi ya cim masa, ki yanka ko da bai kai yadda kike so ba. Ba ya sake wani kai, sai a tumɓuke tushen a fitar da shi daga lambun. Ganyen masu taushi kada a zubar, suna shiga miya kamar kabeji.

Baba Mai Fangali, Gyinyase

Hajiya, ɗaurin nan na hunturu ne. Wanda kansa ya zo a Agusta ko Satumba kada ya ɗaure, yayyafi yana taruwa a ciki, kwana biyu sai ka ji wari, ka buɗe ka tarar ya zama kunu. A karya jijiyar babban ganye ɗaya ko biyu a kifa a kai kamar hula, ruwa ya zame ta gefe. In ganyen ya bushe a karya wani.

Maganar Yaya a kan baƙar ruɓa gaskiya ce, ban musa ba. Amma tunda galan za ta yi da sabuwar ƙasa, 'yata ki raba irin biyu: galan shida a Yuni, shida a ƙarshen Oktoba. Ki rubuta ranar yayyafawa a jikin kowane galan, don kada sati biyar ɗin reno ya wuce ki ba ki sani ba.